Ƙunshin Sa'adiyya

Rafin Marke, Gwiwa
Oktoba, 2023

Zuwa ga Nafisat,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan lafiya, sai ciwon baya da ya matsa wa maigidan tun da aka fara yankan gero. Idan kin leƙa Kazaure ki gaida Inna, ki ce ban manta da gyaɗarta ba.

Na ga kiranki a waya, da gangan na ƙi ɗagawa. Daga yau ba za ki ƙara jin muryata a cikin wata na'ura ba. Abin da ke bakina ga shi a takarda, Zaharadeen direba zai kawo miki har tashar Kano.

Ranar Lahadi ina tsakar gida ina tsintar wake, maƙwabciyata ta ƙure rediyonta, sai na ji muryarki. Har murmushi na yi. Na ce wa yara ku zo ku ji 'yar uwarmu, kakarta da kakata uwa ɗaya uba ɗaya. Kina bayanin bincikenki na digiri na uku, yadda annobar amai da gudawa ta daminar 2021 ta bar wa ma'aikatan lafiya ciwo a zuciya. Sai kika ce akwai wata ma'aikaciya a wani ƙauye wajen Babura, kin sakaya sunanta. Kika ce ita ta riƙa wanke gawar mata da hannunta saboda an hana dangi taɓawa. Kika ce har yau barci yana gagarar ta, hannunta yana rawa, tana ganin wata amarya da aka kawo da ƙunshin lalle a ƙafa, ita ta kwance mata shi a wurin wanka. Ba ki tsaya nan ba. Kika ce jikin yarinyar ya zuƙe har awarwaronta suna zamewa da kansu.

Ban san lokacin da faifan wake ya faɗi daga cinyata ba. Maƙwabciyar tawa ta kashe rediyon, sai na ji ƙarar ƙyauren gidanta, ta fita. Kafin magariba babu gidan da bai ji ba.

Nafisat, amare nawa kike zaton sun mutu da ƙunshi a ƙafa a damina guda? Sa'adiyya ce 'yar Dela, kowa ya sani. Kin ce wajen Babura don ki ɓatar da sawu, to angon da bai samu ganin amaryarsa ba ɗan Babura ne. Kin ɗauki maganar kin kai ta ƙofar gidansu.

Ke ba baƙuwa ba ce da zan tsaya ina koya miki. Tun muna yara muka san mai wankan gawa ba ta faɗin abin da ta gani. Tana fitowa daga bayan zana ta wanke hannu, ta haɗiye, shi ke nan har ita ma a wanke ta. Shekara biyu na riƙe wannan, ko maigidan bai ji ba. Ke kika zo gidana, kika ci tuwona, kika kwana a ɗakina, kika ce Yaya Fatu ki sauke abin da ke ranki. Na ga rikodar, ban musa ba. Amma cewa kika yi littafi ne na Turanci wanda malaman jami'a za su karanta. Ba ki ce mini za ki tsaya ki faɗa da Hausa a inda Dela ke ji ba.

Litinin ranar awo ce a asibitinmu. Kin ga bencin da idonki, mata har ƙasa suke zama. Wannan Litinin mace biyu suka zo, su ma daga rugar Fulani, ba su ji labari ba tukuna. Magana biyu ake yi a kaina a gari. Wasu sun ce na taɓu. Wasu sun ce wadda ta tona asirin gawa ba za ta rufa asirin mai naƙuda ba. Shekara goma sha tara ina karɓar haihuwa a garin nan, kin rushe mini a shiri ɗaya.

Ina jiran in ji abin da za ki ce.

Fatu

*

Kano
Oktoba, 2023

Yaya Fatu,

Wa alaikumus salam. Mun tashi lafiya, ƙaramar ce kawai ke fama da haƙori. Allah ya ba Yaya Malam sauƙin bayan. Inna na gaishe ki.

Na karanta takardarki a tsaye a tasha, raina ya ɓaci ta fuska biyu. Ban ji daɗin abin da ya same ki ba, wallahi. Amma ba zan yarda ki mai da ni maci amana ba. Na canja sunanki, na canja garin, na rage miki shekaru, na ƙara miki 'ya'ya. Duk abin da ƙa'idar bincike ta ce a yi na yi. Kuma na faɗa miki a ranar cewa sakamakon za a bayyana wa jama'a, ke ce kika ɗauka iyakar jama'a malaman jami'a ne.

Kin san abin da na sha kafin in kai ga rediyon nan? Na zagaya Kazaure da Roni da Babura da Gwiwa a bayan babur, na zauna da ma'aikata irinki. Na kai rahoto ofis-ofis. Wani babba ya dube ni ya yi dariya, ya ce, “Malama, ma'aikatanmu masu tawakkali ne, wannan ciwon na Turawa ne.” Shi da bai taɓa kwana a ɗakin masu gudawa ba. Akwai Mu'azzam a Babura, ma'aikacin jinya ne mai hazaƙa, yanzu yana kasuwar hatsi yana ɗinkin buhu, domin da ya ji warin ruwan kulorin sai jikinsa ya ɗauki rawa. Tawakkalin ne ya kai shi can? Manyan nan ba sa karanta littafi, amma suna jin rediyo a mota.

Kin ce me ya sa na faɗi ƙunshin. Domin da na ce kashi kaza cikin ɗari na ma'aikata ba sa barci, da kowa ya juya tasha. Ƙunshin ne ya sa aka saurara. Bayan shirin wayata ba ta huta ba. Wata ungozomar asibiti daga Roni ta kira tana kuka, ta ce ta zaci ita kaɗai ce. Yanzu an kira ni in je in yi wa jami'an lafiya bayani. Wannan bai zama komai a wurinki ba?

Surutun ƙauye kuma, Yaya, ki yi haƙuri, zai wuce. Da an yi wani biki ko wani faɗa za su manta da ke.

Abin da ba zai wuce da kansa ba shi ne abin da ke damunki. Ni na ga hannuwanki, kin wanke su har fata ta tsage. Ni na ji ki kina firgita a barci. Ba ki da lafiya, kuma ba abin kunya ba ne. Akwai wata likita da na sani a asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure, mace mai kirki. Ki zaɓi ranar da ba ki da aiki, in zo in raka ki. Ba wanda zai sani.

Ki ɗaga waya don Allah, wannan rubuce-rubucen kamar muna zamanin kakanninmu.

Ƙanwarki,
Nafisat

*

Rafin Marke
Nuwamba, 2023

Nafisat,

Salamu alaikum. Muna lafiya. Bayan maigidan da sauƙi. Allah ya raba yarinya da wahalar haƙori.

Sannu Malama mai ƙa'ida. Ashe har 'ya'ya kika ƙara mini, na gode, sai ki turo su su taya ni zama a asibiti tunda ba kowa.

Kazaure kika ce? Ke da aka haifa a Kazaure, kin manta abin da ake nufi a ƙauyukan nan idan aka ce an kai wance Kazaure? Gari na cewa na taɓu, 'yar uwata kuma ta aiko mini da takarda a rubuce cewa ba ni da lafiya, za ta zo ta raka ni. Kuma wai ba wanda zai sani. Wancan karon ma haka kika ce. Motar da zan shiga ta garinmu ce, mai kujerar kusa da ni zai tambaye ni ina zuwa, mai babur ɗin da zai sauke ni a ƙofar asibitin yana da ƙanwa a nan unguwar.

Sannan dubi abin da kika yi a takardarki. Ina miki kukan kin tona ni, ke kuma kika ɗauko wani bawan Allah da sunansa da garinsa da sana'arsa kika ajiye a gabana. Ni na tambaye ki? Na san Mu'azzam, mun yi kwas tare. Abin da yake faɗa wa mutane shi ne albashi ne bai ishe shi ba. Yanzu na san abin da ya ɓoye, kuma ban so na sani ba. Ke ba ki ma ji kin yi wani abu ba. Bakinki ya saba, Nafisat.

Kin ce surutu zai wuce. An yi biki biyu da suna ɗaya tun lokacin, bai wuce ba. Shugaban asibitinmu ya kira ni gefe, cikin ladabi, ya ce ko zan ɗauki hutu. Na ce hutun me, ai hutun nake yi. Na haɗu da Dela a bakin famfo. Na gaishe ta, ta dube ni kamar za ta yi magana, sai ta ɗauki bokitinta rabi ta tafi. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Matar nan tana kwance ana mata ƙarin ruwa a ɗaki ɗaya lokacin da 'yarta ta cika, ba ta ga fitar da ita ba. Sai a rediyo za ta ji yadda jikin 'yar ya koma.

Ga abin da ya hana ni sakat. Akwai Halimatu matar Musaddiƙ, cikin fari, wata takwas. A awon ƙarshe na taɓa na ji ɗan a gicciye yake. Na ce ta dawo in sake dubawa, in bai juya ba in tura ta babban asibiti tun kafin naƙuda. Ba ta dawo ba. Na sa mayafi na je har gidan. Uwar mijin ta tare ni a zaure ta ce, “Mun gode Malama, muna da ungozomarmu. Ba ma son a ji labarin cinyar 'yarmu a rediyo.” Na yi mata bayani, na roƙe ta, na ce to ku kai ta wani wuri, ba sai wurina ba. Ta ce Allah na nan. Da can idan na ce a kai mace asibiti, kafin in rufe baki an nemo mota.

Abu biyu nake so daga gare ki. Kada ki koma rediyo da sunan gyara, za ki ƙara ɓatawa ne. Kuma ki cire ni daga littafinki, ni da Sa'adiyya, gaba ɗaya. Ki ba ni amsa ta hannun Zaharadeen a wannan zuwan.

Fatu

*

Rafin Marke
Disamba, 2023

Nafisat,

Salamu alaikum. Lafiyar jiki muna da ita.

Zaharadeen ya je ya dawo, ya je ya dawo, kullum hannu wofi. Na gane. An kira ki ofishin manya, kin samu abin da kike nema, me ya rage ki yi da wata tsohuwar ma'aikaciyar ƙauye? To ga ƙarin abin da za ki sa a littafi.

Halimatu ta yi naƙuda a gida. Wuni guda suka yi da ita suna ba ta jiƙo. Washegari da hantsi Musaddiƙ ya shigo asibiti a guje ba ko takalmi, ya ce Malama ki zo. Bai tsaya neman izinin uwarsa ba. Na tarar hannun jaririn ya fito, har ya yi baƙi. Babu abin da zan iya a nan. Na sa mata ruwa, muka ɗora ta a bayan akori-kura mai ɗaukar riɗi, ina riƙe da ledar ruwan a sama har Kazaure. An yi mata aiki, an ƙara mata jini, ta rayu. Ɗan namiji ne. A kwali Musaddiƙ ya dawo da shi.

Da ta zo awo, da na tura ta tun da wuri, da yau ana shirin suna. Wannan ba zato nake ba, aikina ne, na sani.

Kin san abin da uwar mijin ta ce a wurin gaisuwa? Wai tun da na taka zaurenta ta san ba alheri. Na zauna na ji da kunnena, na yi musu ta'aziyya, na tashi.

A hanyar nan ina riƙe da ledar ruwa hannuna ya yi ta rawa, kamar yadda kika faɗa wa duniya. Musaddiƙ ya gani, ya kau da kai. Da can ma yana rawa, amma ba wanda yake kallonsa.

Na yi nadamar ranar da na buɗe miki ƙofa. Na yi nadamar zumuncin da ya sa na ɗauke ki ƙanwa, alhali in ban da wurin biki da rasuwa ba ma haɗuwa. Ba sai kin ba da amsa ba.

Fatu

*

Kano
Disamba, 2023

Yaya Fatu,

Wa alaikumus salam. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya ba Halimatu lafiya, ya sa yaron mai ceto ne. Mu nan lafiya.

Ban yi banza da ke ba. An tura ni taro Legas, daga can na wuce wani horo. Zaharadeen bai same ni ba, ya bar takardunki biyu wurin mai shayin tasha, shi kuma ya cusa su bayan gwangwanayen madara ya manta. Jiya na karɓe su tare. Na kira ki sau da yawa daga can, ke kika rantse ba za ki ɗaga ba. Da kin ɗaga, da na ji maganar Halimatu tun cikin yana wata takwas, da na nemi wanda zai je ya yi wa Musaddiƙ magana. Wannan ɓangaren ba nawa ba ne, Yaya, kuma ba zan ɗauka ba. Uwar mijin ma tana da nata kason.

Amma tun jiya ban iya cin abinci ba. Na zauna na sake sauraron shirin daga farko. Da na zo wurin awarwaro sai na kashe. Ni da kakata ta yi shekaru tana wanke matan unguwarmu, ba mu taɓa jin ta ce uffan ba. Na san al'adar. Na ɗauka in na canja sunan gari na rufa asiri, domin haka aka koya mini, kuma ina son a saurare ni. Maganar Mu'azzam ma kin yi gaskiya, ta ƙona ni, har na yi niyyar in ƙi amsa ta.

Na cire ki daga littafin, ke da Sa'adiyya. Na goge muryarki daga rikoda da kwamfuta. Malamin da ke duba aikina ya ce na cire zuciyar binciken, ya ce sai na koma na sake tattara wasu bayanan, ba zan gama bana ba. Ban faɗa don ki tausaya mini ba, na faɗa ne don kada ki ce a banza na yi.

Abu ɗaya ne ba zan janye ba ko za ki daina gaishe ni har abada. Ba ki da lafiya. Kin wanke matan da ke kika karɓi haihuwar wasunsu, ke kaɗai, a bayan zana, kika fito kika ci gaba da aiki kamar ba a yi ba. Ba wanda ya ce miki sannu. Kina fushi da ni, ki yi, na cancanta. Amma rawar hannun nan ta riga rediyona.

Ki ba ni izini in zo in durƙusa gaban Dela. In gaya mata a ɗaki kika faɗa mini kina kuka, ni ce na kai kasuwa.

Ƙanwarki, ko kin ƙi,
Nafisat

*

Rafin Marke
Janairu, 2024

Nafisat,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Halimatu ta fara takawa. Na aika wa Inna gyaɗarta.

Kada ki zo. Dela ba ta bukatar durƙusonki, ni ma haka. Na ji kin cire mu, ya yi. Batun ba za ki gama bana ba, Allah ya kai mu baɗi. Maganar waya kuwa, na juya ta a raina, ban ji daɗinta ba, ba kuma zan ce ƙarya kika yi ba.

Ranar Alhamis bayan la'asar ina rufe tagogin asibiti sai na ga mutum a tsaye a bakin ƙofa. Dela ce. Na ce yau dai za a yi ta ta ƙare. Na ba ta kujera, ta ƙi, ta zauna a ƙasa ta jingina da bango. Ni ma na zauna a ƙasa.

Can ta ce, “Malama, abin da aka faɗa a rediyo, da gaske kin wanke ta?”

Na ce, “Na wanke ta, Dela.”

Ta ce, “Da ruwa? Wanka irin na Musulmi?”

Na ce, “Da me zan wanke ta in ba da ruwa ba? Na yi mata alwala, na fara da dama, na tsefe mata kai na kitse gida uku, na sa mata turare. Likkafaninta ma sabo ne.”

Sai ta rufe fuska da mayafi. Ashe tun lokacin da ta tashi daga ciwon aka gaya mata wai gawarwakin asibiti feshin magani kawai ake musu a naɗe a leda a kai rami. Shekara biyu tana kwana tana tashi da cewa an binne 'yarta ba wanka. Ba ta tambaye ni ba don ba a tambayar mai wanka. Ni ban faɗa ba don mai wanka ba ta faɗa. Kullum muna haɗuwa a famfo, ina zaton haushin hana ta taɓa gawar take ji.

Ta ce maganar awarwaro ta yi mata ciwo, kuma ba ta yafe wa wadda ta faɗa ba. Na ce ni ma da laifina, daga bakina ta fito. Ta ce, “Ke kin faɗa don ya yi miki nauyi. Ita fa?” Ban kare ki ba.

Har ta miƙe za ta tafi, sai ta dawo ta tsuguna kusa da ni, ta rage murya. Ta ce, “Lallen nan ni na kwaɓa, ni na ƙunsa mata da hannuna. Tana ta mita wai kada in ɓata mata zane. Ban ga an kwance ba. Malama, ya kama?”

Na ba ta amsa.

Litinin da ta biyo baya Dela ta zo da matar ɗanta Muhammad Auwal, ciki wata biyar. Ba ta shiga ciki ba. Ta zauna a kan bencin waje inda duk mai zuwa famfo zai gan ta, har aka gama awo. Mata huɗu suka zo a ranar, wannan makon sun ɗan ƙaru. Gidan su Musaddiƙ ba sa amsa gaisuwata har yanzu.

Kada ki kuskura ki ce rediyonki ne ya yi wannan alheri. Ɗan Halimatu yana ƙasa, ban manta ba, ke ma kada ki manta.

Batun likita, zan je. Ba taki ba, kuma ba da rakiyarki ba. Zan ce na tafi duba Inna. Ranar da Dela ta zo na yi barci har aka kira asuba ban ji ba, daga nan na gane ashe na manta yadda barci yake.

Na san ki. Tun da kika zo wurin tambayar Dela idonki yake gudu ƙasa yana neman abin da na ce mata. Kada ki wahalar da kanki, babu shi a takardar nan. Da can ni kaɗai na ga ƙafar Sa'adiyya, yanzu ni da uwarta muka sani, kuma a nan maganar ta tsaya.

Ki gaida yara.

Fatu